Doki Casa'in a Bakin Kududdufin Sheme

Ranaku da yawa sun ɓace mini cikin shekarun da na yi a aikin kwana-kwana, amma ban da ranar da na jiƙa babban jami'inmu sharkaf a Sheme, a gaban mai gari da manoma, har na kusa ƙone audugar mutane. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun sha jin labarin a bakin wasu, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Gara ku ji shi daga bakin wanda ya riƙe totur.

Lokacin kuɗin mai ne. Gwamnati tana sayen kaya kamar gobe za a rufe kanti. Duk inda ka duba ana shimfiɗa kwalta, ana sauke akwatuna daga ƙasashen waje, wasu ma ba a san ofishin da ya nema ba. Katsina ba ta zama jiha ba tukuna, Kaduna ce hedkwatarmu. Ni kuwa shekarata uku da ɗaukar aiki, ƙaramin ma'aikaci mara igiya ko ɗaya a hannun riga. Sama da ni akwai mai igiya, wanda ke jagorantar ayari idan an fita kashe wuta, sama da shi kuma ofisan tasha. Aikina shi ne famfo: in tayar da inji, in jawo ruwa, in tsaya a kan agogon awo har a gama.

Idan kakar auduga ta zo, akan ɗebe mu mu bakwai a kai mu wata babbar ma'ajiya da ke bakin hanya kusa da Sheme. Manoma daga ƙauyukan Faskari da Kankara, har da na wajen Sabuwa, nan suke kawo audugarsu, a jibge ta tsibi-tsibi kafin manyan motoci su zo su kwashe. Auduga kuwa ba ta wasa da wuta. Guntun taba ɗaya ya isa ya cinye noman shekara na gari guda.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Famfo ɗaya ne mai taya biyu, a-kori-kura ke jan sa. Don waɗanda ba su san shi ba, abu biyu ne a kan gindi ɗaya: inji a gefe, famfo a gefe, bel ya haɗa su. A cikin famfon akwai wata fankar ƙarfe. Idan inji ya juya ta, sai ta zuƙo ruwa ta wata mesa mai kauri da ake jefawa cikin ruwa, ta tunkuɗa shi cikin mesar feshi. Ƙarfin inji da doki ake auna shi, namu doki ashirin da biyar ne. Ruwan kuma daga wani kududdufi muke ja, wanda masu aikin hanya suka bari bayan sun ɗebi jar ƙasa.

Matsalarmu nisa ce. Daga kududdufin zuwa tsibin audugar ƙarshe sai mun haɗa mesa takwas. A kusa, ruwa yana fita da ƙarfinsa. A can ƙarshe kuwa, sai ya fito a gajiye, ya ɗan yi baka ya faɗo, ko rabin tsibi bai kai ba. Masu dako har tsokanarmu suke yi, wai mu ara musu su yi alwala.

Abin ya dami ofisan tasharmu, Alhaji Lawal, kuma yana da gaskiya da ya damu. Ba mugun mutum ba ne. Idan ɗayanmu ya kwanta ciwo, shi zai ɗauke shi a bayan babur ya kai shi asibiti. Cutarsa ɗaya ce: ya yarda duk abin da ya fi girma ya fi kyau. Agogonsa kamar faifai, kofin shayinsa kamar ƙwarya. Wata rana ya tafi Kaduna taro, ya kwana uku, sai ga shi ya dawo a gaban wata babbar mota yana ɗaga mana hannu tun daga nesa. A bayan motar akwai akwatin katako da sai da muka kira masu dako goma kafin ya sauko. Inji ne sabo ful, koren fenti yana ƙyalli, doki casa'in. Ya ce ya tarar da shi a sito babu mai nema, ya cika takarda, aka ba shi.

Kafin la'asar labari ya cika Sheme cewa Alhaji ya kawo dawaki casa'in a cikin akwati. Wata tsohuwa mai sayar da fura ta zo da kanta ta leƙa, ta ce ita dai ba ta ga ko kofato ba, ta tafi tana ganin an raina mata hankali.

Makanikinmu wani dattijo ne, Baba Nomau, Bamaguje daga wajen Ketare. Bai yi boko ba, amma tun yana saurayi yake bin masu haƙa rijiyoyi da injinan ban ruwa, kuma idan ya kara kunne a jikin inji zai gaya maka abin da ke damunsa. Ya zagaya sabon injin sau biyu, ya shafa shi, ya yaba. Sannan ya juya ya ƙura wa ɗan famfonmu ido. Alhaji ya tambaye shi ko lafiya.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, injin ga na da kyau. Amma in ka ɗaura wa guga ɗaya shanu huɗu, ruwan guga ɗaya za su hiddo."

Alhaji ya yi dariya, ya ce ai wannan ba rijiya ba ce, kimiyya ce. Ya ba da umurni a cire tsohon inji a ɗora sabo.

Kwana huɗu muka yi muna fama. Sai da aka kira mai walda ya ƙara wa gindin ƙarafa, tayoyin kuma suka lotsa kamar za su yi kuka. Da muka gama, muka shimfiɗa mesa takwas, na tayar da inji. Ƙararsa kaɗai ta kori awakin unguwa. Muka duba can ƙarshe, sai ga ruwa ya fito, ya yi ɗan bakansa na kullum, ya faɗo daidai inda ya saba faɗowa. Ko taku ɗaya bai ƙara ba.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauka haka ba. Alhaji ya zo ya duba agogon awo, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, allurar tana nan inda take tsayawa a da. Baba Nomau ya yi masa bayani a hankali. Ya ce ba inji ke ƙayyade yawan ruwa da ƙarfin fitarsa ba, girman fankar ne da saurin juyawarta. Fankar nan da saurin da aka ƙera ta a kai, doki ashirin kawai take buƙata. Ta ɗauki ashirin ɗinta, sauran saba'in suna tsaye suna shan mai. Ya ce ƙarfin ruwan ma a hanya yake mutuwa, saboda mesarmu siririya ce kuma doguwa, ruwa yana gogar jikinta tun daga kududdufi har ƙarshe.

Cikin duk bayanin nan, kalma ɗaya Alhaji ya ji: sauri. Ya ce to a ƙara wa fankar sauri mana, tunda yanzu akwai dawakin da za su ja ta. Baba Nomau ya ce ana iyawa, in aka sa babban gargare a jikin inji, wato ƙarfen da bel ke zagayawa a kansa, bel zai juya famfon fiye da da, kuma ruwa zai fita da ƙarfi ƙwarai. Amma ya ce mesar feshinmu ta tsufa, faci ya fi goma a jikinta, mesar zuƙa kuma ba za ta iya kawo ruwan da fankar za ta nema ba, ga kududdufi ya ja baya saboda rani. Ya ce shi bai ba da shawara ba.

A nan ne na shigo da nawa laifin. Shekarar nan nake sa ran igiyata ta farko, kuma Alhaji ne zai rubuta takardar. Ga shi an aiko cewa babban jami'i mai duba tashoshi zai zo daga hedkwata bayan mako guda. Alhaji ya ja ni gefe, ya nuna mini wani rimi da ke bayan ma'ajiyar, ya ce in ruwa ya tsallake kan rimin nan a gaban baƙo, to in ɗauka igiya ta zo. Ya tambaye ni ra'ayina a matsayina na mai famfo. Na san Baba Nomau ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Duk da haka na buɗe baki na ce ai tsofaffi tsoron sabon abu suke yi, ni zan iya riƙe shi. Baba Nomau yana tsugune yana goge sifana, ya ji ni sarai. Bai ɗago ba.

Aka aika a nemo gargaren. Bai iso ba sai da safiyar ranar da baƙo zai zo, saboda haka aka ɗaura shi a gurguje, ba mu samu damar gwadawa ba.

Da hantsi baƙo ya iso. Dogon mutum ne mai furfura a gefen kai, cikin fararen kayan sarki da aka yi wa guga har suna iya tsayawa da kansu. Mu dai Babban Oga muke ce masa. An jera kujeru a inuwar rumfa, mai gari da dattawansa a gefe, manoma da masu dako sun yi da'ira, mata masu talla sun sauke kayansu. Tsarin nunin aiki shi ne a tara karan dawa a fili, nesa da auduga, a cinna masa wuta, mu kashe cikin minti kaɗan, sannan a ɗaga bakin mesa sama a nuna nisan ruwa. Don ruwa ya fi tashi, Alhaji ya sa aka rage mesar zuwa huɗu. Isiya, wanda ya fi mu duka ƙiba, shi aka ba riƙon baki, da mutum ɗaya a bayansa.

Aka cinna wa kara wuta. Alhaji ya busa usur. Na tayar da inji, na jawo ruwa, na buɗe. A ƙa'ida, mai famfo yana ƙara totur kaɗan-kaɗan, idonsa a kan agogo, yana jiran alama daga mai riƙe da baki. Ni kuwa idona yana kan rimi. Na tura totur har ƙarshe.

Mesar da ke kwance a ƙasa ta miƙe ta sandare. Ruwa ya fita da wata irin ƙara, ya wuce saman wutar bai ko taɓa ta ba. Gaskiya ya tsallake rimin, wannan kam na gani da idona, kuma har na fara murmushi. Amma ruwan da ke fita da ƙarfi gaba, yana tura mai riƙe da shi baya da ƙarfin nan. Isiya ya yi taku uku da baya, ya zauna a kan abokinsa, bakin mesa ya kuɓuce. Daga nan ta shiga rawa. Ta share masu dako, ta kifar da ƙwaryar fura, ta juyo rumfa. Rawanin mai gari ya tashi. Babban Oga ya miƙe zai kauce, ruwa ya same shi a ƙirji ya mayar da shi kan kujera, kujerar ta tafi da shi baya. Kuma ba ruwan kirki ba ne, jan ruwan gindin kududdufi ne, da laka da gansakuka.

Kafin in dawo hayyacina, wani tsohon faci a mesa ta biyu ya fashe, ruwa ya yi sama kamar bishiya. Sai kuma famfon ya canza murya. Ya fara ƙara kamar an zuba masa tsakuwa a ciki, yana jijjiga, allurar agogo tana tsalle. Abin da Baba Nomau ya faɗa ne ya faru: fankar tana neman ruwan da mesar zuƙa ba ta iya kawowa, ta koma dakan kumfa. Allura ta faɗi ƙasa. Ruwa ya ɗauke ɗif. Doki casa'in suna ta ruri, ko ɗigo babu.

Mutane suna ta dariya, wasu har da riƙe ciki, ana tayar da Babban Oga. Babu wanda ya tuna da wutar da muka cinna da hannunmu. Wata mai tallar gyaɗa ce ta fara ihu. Iska ta ɗauki wutar daga karan ta sa a busasshiyar ciyawa, tana tafiya a kwance, kai tsaye zuwa tsibin auduga na farko.

Dariya ta tsaya. Manoma suka karyo rassa suka bi ta da duka, mata suka ruga kududdufi da ƙore da bokitai. Ni kuwa na tsaya a bakin inji ina ƙara danna totur da ya riga ya kai ƙarshe, kamar hakan zai kawo ruwa. Sai na ji an dafa kafaɗata. Baba Nomau ne. Bai ture ni ba, bai karɓi aikin ba.

Ya ce, "Garba, sauke shi. Sauke shi ƙasa sosai. Maida shi tahiyar da ya sani."

Na janye totur har injin ya koma gunaguni. Ya ce in rufe bakin fita, in sake jawo ruwa daga farko. Shi kuma ya shiga kududdufi har ƙugu, ya ɗago rariyar bakin mesar zuƙa daga cikin laka, ya share ta da hannu, ya riƙe ta a tsakiyar ruwa. Alhaji Lawal da kansa, hularsa ta ɓace, ya cire fasasshiyar mesa ya haɗa wata. Na ga mesar zuƙa ta yi nauyi, ƙarar tsakuwa ta ɗauke, allura ta fara hawa. Na buɗe a hankali, na tsayar da ita daidai inda take tsayawa da tsohon inji. Isiya ya kama baki, ruwa ya fito lafiya lau, irin wanda mutum biyu ke iya sarrafawa. Suka tari wutar ta gaba, suka jiƙa ciyawar da ke tsakaninta da auduga, sannan suka bi ta suka kashe. Da aka gama na je na auna da ƙafata. Taku tara ya rage wutar ta kai ga auduga.

Bayan azahar aka tara mu a rumfa. Kayan Babban Oga suna shanye a kan igiya, sun koma ja. Mai gari ya aiko masa da riga da wando, amma mai gari gajere ne, wandon ya tsaya masa a ƙwauri. A haka ya zauna ya yi mana shari'a, kuma babu wanda ya yi gigin murmushi. Ya tambayi wane ne mai famfo. Na fito. Ya tambaye ni ko wa ya ce in tura totur ƙarshe. Alhaji ya buɗe baki zai ɗauki laifin, amma na riga shi, na ce babu wanda ya ce, rimi nake kallo. Na kuma faɗa masa cewa makaniki ya gargaɗe mu, ni na ce tsoro yake ji.

Ashe Babban Oga da famfo ya fara aiki. Ya sa aka kira Baba Nomau, wanda har lokacin wandonsa bai bushe ba, ya tambaye shi abin da zai yi in shi ne mai tasha. Baba Nomau ya ce a mayar da ƙaramin inji. A shimfiɗa mesa biyu gefe da gefe daga kududdufi, su haɗu a kusa da auduga, don ruwa ya samu hanya mai faɗi. In kuma gwamnati tana da hali, a gina kwatarniyar siminti a tsakiyar ma'ajiya, a riƙa cika ta, famfo ya tsaya a bakinta.

Babban Oga ya daɗe yana gyaɗa kai. Sannan ya gaya mana abin da ya gani kwana biyu kafin nan a wata ma'ajiyar hatsi ta wajen Sabuwa. Can an kai musu ƙaton famfo sabo, amma babu injinsa, suka ɗaura masa wani ɗan ƙarami. In sun buɗe mesa ɗaya yana ɗan lallaɓawa. Da sun buɗe ta biyu, ruwa ya ƙaru, nauyi ya hau, sai injin ya shaƙe, ya yi baƙin hayaƙi, ya yi zafi, ya mutu. Ya sa aka duba lambar da ke jikin akwatin injinmu. Nasu ne. Tare aka yi odarsu da famfon, aka raba su a sito.

Cikin makon aka kai doki casa'in Sabuwa, Baba Nomau ya bi shi ya haɗa. Na je daga baya na gani: mesa huɗu a lokaci guda, kowace tana kai ruwa kan rufin sito, injin yana tafiya ko gumi babu. Mu kuma muka koma wa ɗan tsohonmu da mesa biyu, ruwa ya kai kan tsibin ƙarshe. Kwatarniyar ma an gina ta kafin kaka ta gaba. Igiyata kuwa sai da ta ƙara shekara guda, kuma wata uku na yi ina wanke mesa da yi mata faci. Isiya ya yi sati bai yi mini magana ba, saboda mutanen Sheme sun sa masa suna Mai-zaman-dole.

Na je na ba Baba Nomau haƙuri. Ya ce ba komai, shi ma yana saurayi ya taɓa fasa famfo, sai dai shi Allah ya rufa masa asiri babu mai gari a wurin.

Abin da na koya a fannin aiki kun riga kun ji shi a aji: inji da famfo da mesa da ruwan da ake ja, dole su zo daidai da juna. In inji ya gaza, zai mutu lokacin da aka fi buƙatarsa. In ya yi yawa, ko dai ya zauna banza, ko ya ja ka ka tilasta wa famfo abin da ba a ƙera shi dominsa ba. Amma abin da ya fi zama mini a rai, wanda ba a koyarwa a aji, na gan shi ne kwana uku bayan tafiyar baƙo. Na fito da safe na tarar da Alhaji Lawal, ofisa mai tauraro a kafaɗa, zaune a kan tayar famfo da littafi da biro a hannu. Baba Nomau ya kwance murfin famfon, ya fito da fankar ya ajiye a kan buhu, yana nuna masa da tsinke. Alhaji yana rubutawa, yana cewa a maimaita masa. A gaban mu duka ya yi haka, bai ɓuya ba. Na yi aiki da ofisoshi da yawa bayansa, waɗanda suka fi shi ilimi, amma kaɗan ne na ga sun iya wannan zama.

Da suka gama, Alhaji ya rufe littafi, ya daɗe yana juya fankar a hannunsa. Sai ya tambaya a hankali ko ana samun irinta wadda ta fi wannan girma.

Baba Nomau ya karɓe ta daga hannunsa, ya ce, "Ranka shi daɗe, buɗe littahin. Mu koma daga hwarko."